Lissafin Magani da Gudun Ƙarin Ruwa a Aikin Jinya: Inda Haddar Ƙa'ida Take Gazawa

Tsakure

Maƙalar ta duba lissafin da ma'aikacin jinya yake yi kafin ya zuƙi magani a sirinji ko ya saita ƙarin ruwa. Ta kafa hujja da magunguna da ruwan da ake amfani da su kullum a ɗakunan yara da na haihuwa, domin nuna cewa kuskure mai kisa ya fi faruwa a alƙaluman da ake zubawa cikin ƙa'idar lissafi, wato ƙarfin magani da girman ɗigo da nauyin majinyaci. A kan haka ta nemi a koyar da wannan lissafi, a kuma jarraba shi, da kwalba da roba a hannu.

Gabatarwa

A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage illar magani, da nufin rage mummunar illar da za a iya kauce mata da rabi cikin shekara biyar, ta kuma ƙiyasta cewa kurakuran magani suna cin dala biliyan 42 a duniya duk shekara. Likita ne ke rubuta magani, mai harhaɗa magani ya bayar, amma hannun ƙarshe kafin jijiyar majinyaci na nas ne ko na ungozoma. Ƙa'idojin da aka koya musu biyu ne, kuma babu ɗalibin jinya da bai haddace su ba. Ta farko: abin da aka rubuta a raba da abin da ke cikin kwalba, a ninka da yawan ruwan kwalbar. Ta biyu: yawan ruwa a mililita a ninka da adadin ɗigon roba, a raba da yawan mintoci. Lissafin ɗan firamare ne. Abin da wannan maƙala take cewa shi ne ƙa'idar ba ta san ko alƙaluman da aka ba ta daidai ne ba, kuma koyarwar da ta tsaya a kan allo tana miƙa wa ɗalibi waɗannan alƙaluma a shirye, alhali a gaban gado shi ne zai nemo su da kansa.

Ƙarfin magani

A ɗauki allurar artesunate, wadda ita ce kan gaba wajen maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Babba da yaron da ya kai kilo 20 ana ba su miligiram 2.4 a kowane kilo, amma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga na yaron da bai kai kilo 20 ba zuwa miligiram 3. Wanda ya tsaya a kan tsohon adadi ya rage wa ƙaramin yaro kashi ɗaya cikin biyar na maganinsa, kuma rarrabawa da ninkawarsa duk za su fita daidai. Sannan garin da ke cikin kwalba mai miligiram 60 ana fara narka shi da mililita 1 na ruwan bicarbonate. Idan ta jijiya za a bayar, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri, kowace mililita ta ɗauki miligiram 10. Idan a tsoka ne, a ƙara mililita 2 kawai, kowace mililita ta ɗauki miligiram 20. Yaro mai kilo 8 yana buƙatar miligiram 24, wato mililita 2.4 daga haɗin jijiya ko 1.2 daga haɗin tsoka. Kwalbar iri ɗaya ce, ruwan iri ɗaya ne a ido. Wanda ya zuƙi 2.4 daga haɗin tsoka ya ninka maganin sau biyu. Ga kuma kwalabe masu miligiram 30 da masu 120, waɗanda kowacce take da nata ma'aunin ruwan haɗi.

Lamarin magnesium sulphate, maganin jijjigar masu ciki, ya fi wannan tsanani domin yawansa yana tsayar da numfashi. An rubuta ƙarfinsa da kaso, kuma kashi 50 cikin 100 yana nufin giram 50 a mililita 100, wato rabin giram a kowace mililita. A tsarin Pritchard, wanda asibitocin da ba su da injin ƙarin ruwa suka fi bi, ana farawa da giram 4 ta jijiya a hankali, a ƙarfin kashi 20, tare da giram 5 a kowane ɗuwawu a ƙarfin kashi 50. Don haka ungozoma za ta zuƙi mililita 8, ta ƙara mililita 12 na ruwan allura, ta sami mililita 20 a ƙarfin da jijiya za ta ɗauka. Duk wannan tana yinsa ne mace na jijjiga a kan gado, dangi na kuka a bakin ƙofa. Kafin ta maimaita giram 5 bayan awa huɗu sai ta ƙirga numfashi, ta buga gwiwa ta ga ƙafa ta harba, ta duba yawan fitsari, kuma calcium gluconate yana kusa da hannunta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin ƙa'idar lissafi, amma su ne suke yanke hukuncin ko amsar da lissafi ya bayar za ta shiga jiki.

Rubutu ma yana da nasa rabon. Idan aka rubuta .5 ɗigon ya ɓace, an karanta 5. Idan aka rubuta 5.0 aka rasa ɗigon, an karanta 50. Shi ya sa hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta hana irin wannan rubutu tun 2004. A yankinmu akwai ƙarin matsala: ma'aikacin da ya yi karatu a Nijar da Faransanci yana rubuta 2,4 inda na Nijeriya zai rubuta 2.4, kuma takardun majinyata suna ƙetare iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina kowace rana.

Girman ɗigo da nauyin yaro

Mai awon hatsi ba ya yin ciniki sai ya ga mudun da za a auna masa, domin ya san mudun wata kasuwa ba na wata ba ne. Haka robar ƙarin ruwa take. Ta yau da kullum ɗigo 20 ne mililita guda, ta ƙarin jini yawanci 15, ta yara mai ƙananan ɗigo 60, kuma adadin yana rubuce a jikin ledar da robar ta zo a ciki, ledar da ake yagewa a jefar kafin a karanta. Ruwa mililita 500 a awa huɗu ɗigo 42 ne a minti da robar 20, amma 125 ne da robar 60. Wanda ya lissafa da 60 ya ɗaura robar 20 zai ga ledar ruwansa ta ƙare cikin minti 80. Ga babba mai ƙarfin zuciya watakila abin ya tsaya a yawan fitsari. Ga jariri ko mai ciwon zuciya ko na ƙoda, huhu ruwan yake tafiya.

Cewa gudun ruwa shi kansa magani ne mai iya kisa ba zato ba ne. Binciken FEAST da aka wallafa a 2011, wanda aka gudanar a Kenya da Uganda da Tanzaniya a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da raunin zagayawar jini, ya gano cewa cikin awa 48 an rasa kusan kashi 10.5 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a ɗura wa ba. A ɗaya ɓangaren, yaron da gudawa ta tsotse yana mutuwa ne idan aka yi jinkiri: tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya yana ba shi mililita 100 a kowane kilo, kuma ga wanda bai kai shekara ba 30 na farko a awa ɗaya, sauran 70 a awa biyar. Jariri mai kilo 8 ke nan zai fara da ɗigo 80 a minti da robar 20, sannan a sauko zuwa 37. Wanda ya manta ya sauko da shi bayan awa ɗaya bai yi kuskuren lissafi ba ko kaɗan. Kuma yaro mai tamowa ba ya shiga wannan tsari gaba ɗaya, domin zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Duk waɗannan alƙaluma a kan nauyi suka tsaya. Inda babu sikeli ana komawa ga ƙa'idar shekaru, a ƙara 4 a ninka da 2, wadda take ba ɗan shekara uku kilo 14. An gina ta ne a kan yaran Turai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Ɗan shekara uku mai kilo 9 da aka yi wa lissafin kilo 14 ya sami ƙarin fiye da rabi a kowane magani da kowace leda. Sikeli mai aiki a ɗakin karɓar yara ya fi darasin lissafi goma amfani, kuma rashinsa ba laifin nas ba ne.

Abin da za a iya cewa a kan wannan

Za a ce injin ƙarin ruwa da manhajar waya sun kawar da matsalar. Injin yana riƙe gudu daidai, kuma inda ake ba jarirai magani mai ƙarfi bai kamata a rasa shi ba. Sai dai yana bin abin da aka latsa masa ne. Idan aka latsa 50 a madadin 5.0, zai bayar da 50 ba tare da gardama ba. Manhajar ma nauyi da ƙarfin magani take tambaya, wato ainihin wuraren da kuskuren yake. Ga kuma tsada da ɗaukewar wuta, waɗanda suka sa mafi yawan ruwa a asibitocinmu har yanzu da ɗan tayan roba da agogo ake saita shi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta jadawali: a liƙa takarda a bango mai nuna nauyi da mililitar da ta dace da shi, a huta da lissafi. Wannan maƙala tana goyon bayan haka, musamman ga artesunate da magnesium sulphate, domin gajiyayyen mutum da ƙarfe uku na dare ya fi iya karanta layi a kan ya yi rarrabawa. Amma jadawali an gina shi ne a kan kwalba guda. Ranar da kantin magani ya kawo wata mai ƙarfi daban, takardar bango ta koma tarko, kuma wanda zai gane haka shi ne wanda ya fahimci yadda aka samo lambobin. Shi ya sa ake buƙatar kintace kafin lissafi. Idan abin da aka rubuta bai kai rabin abin da ke kwalba ba, amsar dole ta gaza rabin ruwan kwalbar. Idan lissafi ya ce a fasa kwalba shida saboda jariri, a ajiye sirinji a sake dubawa.

Za a kuma ce nas ɗaya mai gadaje talatin ba ta da lokacin neman wani ya duba mata. Gaskiya ne, kuma dubawar da ake yi wa kowane magani takan koma sa hannu kawai. A taƙaita ta ga 'yan magunguna masu haɗari, irin su insulin da potassium chloride da heparin da magnesium sulphate da duk allurar jarirai, kuma na biyu ya yi nasa lissafin kafin ya ga amsar na farko.

Abin da ya rage shi ne yadda ake jarrabawa. A tashar gwajin aiki a ba ɗalibi kwalbar gaske, da robobi biyu a ledojinsu, da katin majinyaci mai nauyi, a bar shi ya nemo alƙaluman da kansa, ya faɗi kintacensa kafin ya taɓa biro. Sannan ya saita ɗigon da agogo, ya liƙa filasta a jikin ledar ruwa ya ja layin inda ya kamata ruwan ya kai kowace awa, domin gudun yana canzawa idan majinyaci ya naɗe hannu ko mai jinya ya murza tayan don leda ta ƙare da wuri. Makin cin wannan tasha ya kamata ya zama cikakke, wanda ya faɗi ya maimaita har sai ya ci.