Sarauta Ɗaya, Suna Biyu: Yadda Turawa Suka Raba Sarakunan Kudancin Kano

Bahaushe yana kiran mai mulkin birni da mai mulkin gari da suna guda, wato sarki, amma Turawan mulkin mallaka sun raba wannan suna gida biyu a takardunsu, inda suka keɓe kalmar Emir, wadda asalinta amir ce ta Larabci, ga manyan sarakunan Musulunci irin waɗanda ke ƙarƙashin Sakkwato, suka bar kalmar Chief ga sauran masu sarauta, manya da ƙanana. Rabon bai tsaya a bakin magana ba, domin a cikin masarauta irin ta Kano shi ne ya fayyace wanda ke riƙe da baitulmali da kotu da 'yan doka, da kuma wanda zai tara haraji kawai ya miƙa sama.

A kudancin Kano abin ya fi fitowa fili. Bebeji gari ne mai ganuwa da sarkinsa, kuma a nan ne rundunar Turawa ta Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fara gamuwa da turjiya a farkon Fabrairun 1903, kafin ta ci Kano ranar 3 ga watan. Duk da wannan tarihi, da aka yanka ƙasar Kano zuwa gundumomi a zamanin Sarki Abbas, aka tura hakimai su zauna a cikin ƙasashensu maimakon aika jakadu daga birni, sai sarakunan garuruwa irin na Bebeji da Rano suka tsinci kansu a sahun hakimai, talakawa na ce musu sarki, takarda kuwa ba ta ba su wannan matsayi ba. Wannan rashi ne na gaske ga gidajen da suka daɗe da tambarinsu.

Tsohuwar maganar matsayin sarakunan nan ta sake tasowa a Mayun 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, ta sanya Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a ƙarƙashinta, abin da wasu suka ɗauka a matsayin maido da haƙƙi, wasu kuma suka gan shi a matsayin rage ƙarfin fadar Kano. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar da ta kafa masarautar, sannan a Yulin shekarar ta mayar da Rano masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya kaɗai, Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kuwa suka koma kai gaisuwa Kano.