Gizago da Maƙera: Tarihin Kayan Sassaƙa a Ƙasar Daura

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin kayan aikin masassaƙa a ƙasar Daura, musamman ƙauyukan Sandamu, wadda take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 5 na masarautar, tare da Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa. Abin da za a nuna shi ne, siffar gatari da gizago ba ta sāke ba tun zamanin kakanni, amma ƙarfen da ake ƙera su da shi ya sauya asali, kuma wannan sauyi ya taɓa sana'ar da kalmominta.

Maƙeri da Masassaƙi

A al'adar Hausawa ƙira da sassaƙa sana'o'i ne na gado, kowace da gidanta. Saboda haka ba kasafai masassaƙi yake ƙera wa kansa kayan aiki ba. Maƙerin baƙi shi ke ƙera ruwan gatari da na tsitaka da na gizago, masassaƙi kuwa shi ke fafe ƙota daga icce mai tauri irin su marke da aduwa. Akan huda kan ƙotar da jan ƙarfe, a cusa wutsiyar ruwan a ciki. Bambancin gatari da gizago shi ne, kaifin gatari yana bin tsawon ƙota, na gizago kuwa yana gicciye da ita, don haka gatari na sara ne, gizago na sassaƙa da rarake cikin turmi ko akushi. Masassaƙi yakan zauna a maƙera ana zuga, yana faɗin irin lanƙwasar da yake so, domin hannun da zai yi aikin shi ya san nauyin da ya dace da shi. Haka kuma maƙeri ba ya sayar da fartanya sai da ƙotar masassaƙi. Wato kowannensu abokin cinikin ɗan'uwansa ne.

Zamanin Tama

Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a wannan yanki. Masu tonon kayan tarihi sun gano wuraren narkar da tama a Taruga, cikin yankin Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma an sami irinsu a dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ko a labarin Bayajida, an ce sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Ko da ba a ɗauki labarin a matsayin tabbataccen tarihi ba, ya nuna cewa mutanen Daura sun sa maƙeri a tushen sarautarsu.

A wancan zamani akan haƙo tama, a jera ta da gawayi a cikin murhun yumɓu, a yi ta wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Gawayin ƙirya aka fi so saboda ƙarfin wutarsa. Wahalar wannan aiki ta sa ƙarfe ya yi tsada, har ya zama gizago abin gado ne. In ya cinye, sai a mai da shi maƙera a buɗe masa baki, ba a yar da shi.

Zuwan Ƙarfen Waje

Tun kafin mulkin mallaka kayan ƙarfe na Turai suna shigowa ta hamada. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ambaci ruwan takubba na Solingen a kasuwar birnin. Amma waɗannan kayan manya ne, ba su shafi gizagon talaka ba. Babban sauyi ya zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, suka kuma naɗa Malam Musa sarautar Daura a 1906, sannan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Daga nan sandunan ƙarfe da tarkacen jirgi, daga baya kuma na motoci, suka malalo kasuwannin ƙauye da araha. Sannu a hankali aka daina haƙar tama, ta yadda a shekarun 1960, lokacin da Bafaranshiya Nicole Echard ta yi nazarin maƙeran Adar a Nijar, aikin narkar da ita ya riga ya zama abin da dattawa kaɗai suka riƙe. Littafin Philip Jaggar na 1994 a kan maƙeran birnin Kano ya nuna yadda sana'ar ta ɗore bisa ƙarfen da aka sake sarrafawa.

Ta fuskar aiki, masassaƙi riba ya ci. Sifirin na mota ƙarfe ne mai tauri, in aka ƙera shi aka tsoma a ruwa yana ja, yakan riƙe kaifi. Ta fuskar ilimi kuwa, hasara aka yi, domin sanin inda tama take da yadda ake gina murhunta ya tafi tare da masu shi, kalmomin aikin kuma suka bi su.

Kammalawa

Har yanzu ana sayar da turmi da taɓarya da allo da kujerar mata da ƙotar fartanya a kasuwannin ƙasar Daura, ko da yake kwanon ƙarfe da roba sun ture akushi, injin niƙa kuma ya rage wa turmi aiki. Abin da ya fi yi wa sana'ar barazana a yau shi ne ƙarancin icce. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, tare da faɗaɗa gonaki da neman makamashi, sun rage manyan itatuwa a arewacin Katsina. Ƙirya ita ce ke ba maƙeri gawayi, ita ce kuma ke ba masassaƙi turmi, don haka ƙarewarta gida biyu za ta shafa. Hausawa sun ce sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho, amma ƙirya tana daɗewa kafin ta isa sara. Ya kamata ɗaliban harshe da al'ada su je maƙerun Sandamu da makamantansu su rubuta sunayen kayan aiki da matakan ƙira daga bakin dattawan da suka rage, kafin abin da ya sami kalmomin tama ya sami na gizago.