Daga Gajimare Zuwa Hazo: Tarihin Sauke wa Na'ura Nauyi

Tun farkon zamanin kwamfuta, masana ke fama da tambaya guda: a ina ya fi dacewa a gudanar da aikin lissafi? A wannan maƙala zan bi sawun amsoshin da aka bayar, domin a ganina ƙarfin batir ne ya yi alƙalanci a ƙarshe.

A shekarun 1960, manyan kwamfutoci ke ɗauke da aikin baki ɗaya, mutane da dama suna amfani da guda ɗaya ta wayoyin sadarwa. Da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, sai aikin ya koma kan teburin kowa. A 2006 kuma Amazon ya fara ba da hayar manyan rumbunansa ta intanet, tsarin da aka laƙaba wa suna gajimare.

Amma gajimare yana da nisa. Wayar hannu da ƙananan na'urorin auna zafi ko bugun zuciya da batir suke rayuwa, kuma tura bayanai ta iska na cin wuta ƙwarai. A 2009, Mahadev Satyanarayanan na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, shi da abokan aikinsa, suka ba da shawarar a girke ƙananan rumbuna kusa da masu amfani. A 2010, masu binciken Microsoft da na wasu jami'o'i suka gabatar da MAUI, manhajar da ke auna kowane ɓangaren aiki kafin ta yanke ko waya ta yi shi da kanta ko ta miƙa shi waje.

Ƙa'idar da aka gano tamkar ta ɗan dako ce. Idan lissafi ya yi nauyi, bayanan da za a aika kuma kaɗan ne, miƙawa riba ce. Idan kuwa bayanan ne suka yi yawa, lissafin bai taka kara ya karya ba, to kuɗin dako ya fi kuɗin kaya.

A 2012, Flavio Bonomi da abokansa a Cisco suka yaɗa sunan lissafin hazo, domin hazo gajimare ne da ya sauko ƙasa: na'urorin rarraba intanet da ke kusa su karɓi aikin gaggawa, a bar wa gajimare mai nauyi. A 2015, Cisco da Intel da Microsoft da Dell da ARM da Jami'ar Princeton suka kafa ƙungiyar OpenFog, a 2018 kuma hukumar IEEE ta karɓi tsarinta a matsayin ma'auni.

Na ɗauki wannan tarihi da muhimmanci saboda a inda wutar lantarki ke wuya, na'urar da ke lura da mara lafiya ko ruwan gona ba ta da amfani idan batirinta ya mutu kafin asuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an san hannun da ya fi kusa.