Tendai Mtawarira: Baƙon da ya ɗauko wa Afirka ta Kudu kofin duniya

 Yau ƙwallon zari-ruga za mu leƙa. Na san wani zai ce, mu ina ruwanmu da zari-ruga? To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

An haifi Tendai Mtawarira a Harare ta ƙasar Zimbabuwe ranar 1 ga Agusta, 1985. A makarantar sakandare ya fara fice, har ƙungiyar Sharks ta birnin Durban ta ɗauke shi zuwa makarantarta ta horar da matasa. Da farko a layin baya na ƙartan gaba yake wasa. Masu horarwa suka dube shi suka ce wurinsa layin farko ne, lamba 1.

Bari in yi muku bayanin wannan gurbi. A zari-ruga akwai lokacin da ƙarti takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗa da takwas na ɗaya ɓangaren, a yi ta turereniya don a mallaki ƙwallo. Mai lamba 1 yana bakin gaba, nauyin duka yana sauka a wuyansa da gadon bayansa. Aikin wahala ne, ba kasafai ake tafa wa mai yinsa ba. Amma shi da zarar ya riƙe ƙwallo sai filin ya ɗauka da kiran laƙabinsa, Beast, wato Dodo.

A watan Yunin 2008 ya fara buga wa Springboks, ƙungiyar ƙasar Afirka ta Kudu, a wasa da Wales. Ku lura da lokacin. Wata guda kafin nan, a watan Mayu, an yi tarzomar ƙin jinin baƙi a ƙasar, aka kashe mutum 62, kuma 'yan Zimbabuwe na cikin waɗanda aka fi farauta. Ana korar 'yan ƙasarsu a unguwanni, shi kuma ana yi masa kirari a fili.

A 2009 ya gigita gogaggen ɗan wasan Ingila Phil Vickery a turereniya, lokacin da tawagar Lions ta Birtaniya da Ireland ta je Durban. Daga nan sai siyasa ta shigo. Dokar zari-ruga ta duniya a lokacin ta yarda wanda ya zauna shekara 3 a ƙasa ya buga mata. Amma wasu 'yan siyasa, irin su ɗan majalisa Butana Komphela, suka ce atafau wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa ba zai sa rigar ƙasa ba. Aka ajiye shi, sai a ƙarshen Yunin 2010 aka ba shi takardar, ya dawo.

Ya buga wa ƙasar wasa 117. Na ƙarshe shi ne wasan ƙarshe na kofin duniya a Yokohama ta Japan, ranar 2 ga Nuwamba, 2019, inda suka doke Ingila da ci 32 da 12, kuma a turereniya aka fara karya lagon Ingila. Wata biyu kafin nan, a Satumba, an sake far wa baƙi a Johannesburg, har aka kwaso 'yan Najeriya a jirgin sama zuwa gida.

A 2020 ya tsallaka Amurka, ƙungiyar Old Glory ta birnin Washington, sai korona ta tsayar da gasar bayan 'yan wasanni.

Abin da ke damuna a wannan tarihi shi ne, Tendai ya samu takarda ne saboda ƙasa na buƙatar kafaɗarsa. Mai gyaran takalmi ɗan Zimbabuwe da ke Johannesburg fa, wa zai tsaya masa? Mu ma nan gida muna da namu, yaron da aka haifa a gari ya girma a gari, amma ranar neman gurbin karatu ko aiki a ce ya kawo takardar asalin jiha.

Ku faɗa mana ra'ayinku a ƙasa: shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin a daina kiransa baƙo? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Na bar ku lafiya.