Jirgin Sama Cikin Kwali: Tarihin Wani Wasa Da Muka Yi A Makaranta

Abin da nake so in tuna mana a wannan fitowa shi ne ƙananan jiragen yaƙin nan na roba da waɗansunmu suka riƙa haɗawa a ɗakin koyon sana'a cikin shekarun 1970. Da yawa daga cikinmu sun ɗauki abin wasan yara ne kawai, kuma wasa ne ɗin. Amma da na bi diddigin jiragen da muka haɗa, sai na tarar tarihinsu ya ratso ta ƙasarmu fiye da sau ɗaya, kuma akwai darasi a ciki wanda ya shafi yaran da ke zaune a kan kujerun da muka bari.

Kafin kwali ya zo mana, ai mun riga mun san ƙira. Duk yaron da ya tashi a Sakkwato ko ƙauyukanta ya san kaka lokacin motar kara ce. A ɓare karan dawa, a ware ɓawo daban totuwa daban, a soka wannan cikin wancan, sai ga mota da tayoyinta, wani ma har jirgin sama da farfela mai juyawa idan an yi gudu da shi. Masu ƙarfin hali su nemo gwangwanin madara da waya su yi ta langa-langa. Abin da jirgin kwali ya ƙara mana abu ɗaya ne, watau awo. Jirgin kara yadda ido ya ga dama haka yake fita, amma na kwali kowane yanki nasa an rage shi ne daga na gaske bisa lissafi guda.

Lissafin nan shi ne wanda ake rubutawa a gefen kwali, 1:72. Ma'anarsa inci 1 a jikin ƙaramin jirgi yana tsaye a madadin inci 72, watau ƙafa 6, a jikin babban. Saboda haka mutum mai tsawon ƙafa 6 zai koma inci 1 daidai. Jirgin Spitfire, wanda faɗin fuka-fukansa ya kai ƙafa 36 da inci 10, yakan koma inci 6 da 'yar ɗoriya, ya zauna a tafin hannu. Hercules kuwa, mai ƙafa 132 da wani abu, sai ya kai inci 22, ya cinye rabin tebur. A Ingila aka fara wannan awo, a 1932, da jiragen katako masu suna Skybirds. A 1936 kamfanin Frog ya fito da na roba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi abin ya tashi daga wasa, domin a 1942 hukumar sojan ruwan Amurka ta roƙi 'yan makarantun ƙasar su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 bisa wannan awo, don a koya wa matuƙa da masu harbi bambance jirgin gida da na abokan gaba tun daga nesa.

Sunan da muka fi sani shi ne Airfix. Wani mutumin Hungari mai suna Nicholas Kove ya kafa kamfanin a Landan a 1939, kuma mataji na roba na cikin abubuwan da ya fara suna da su. A 1949 aka ba shi aikin yin ƙaramar tarakta ƙirar Ferguson, daga baya aka ga ya fi sauƙi a sayar da ita a warwatse, mai saye ya haɗa da kansa. Jirgin ruwan Golden Hind ya biyo baya a 1952, sa'an nan Spitfire, daga nan kuma jirage suka yi ta fitowa. Zanen da ke bayan kwalayen, wanda ya fi komai ɗaukar mana hankali, yawancinsa aikin wani mai zane ne da ake kira Roy Cross.

Mu dai ta hannun malamai da yayye abin ya iso mana. A lokacin Sakkwato ce hedkwatar Jihar Arewa Maso Yamma, daga 1967 zuwa 1976, kuma makarantu cike suke da malamai daga Ingila da Indiya da Pakistan. Wani zai dawo hutu da kwali biyu ko uku a jaka, wani kuma yayansa zai sayo masa a manyan kantunan Kaduna ko Kano, musamman bayan kuɗin Udoji sun shigo hannun ma'aikata a 1975. Idan aka buɗe kwali za a tarar da gutsattsarin roba manne a jikin firam, da takardar bayani mai lambobi, da wata 'yar takarda ta tambari wadda ake jiƙawa a ruwa har tambarin ya saɓule a ɗora shi a jikin jirgi. Kayan aikinmu reza ne da samfefa da gam da buroshi, sai 'yan gwangwanayen fenti na Humbrol waɗanda ba su fi kan babban yatsa ba. Wanda ya cika gam ya ga roba ta narke. Wanda ya yi fenti da hunturu bai rufe jirginsa da kwano ba ya wayi gari ƙura ta yi masa riga. Wanda kuma ya bar nasa a bakin taga da bazara ya tarar fiffike ya lanƙwashe. Da haka muka koyi bin tsari, a gama lamba 1 kafin a taɓa lamba 2.

To, ina jiragen nan suka haɗu da ƙasarmu? Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage 3 na sojan saman Ingila ƙirar DH.9A suka sauka Kano bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. Jagoransu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Hanyar da suka buɗe ita ce kamfanin Imperial Airways ya bi a 1936, ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Amma amfaninta na gaske bai bayyana ba sai a 1940. A watan Yuni na shekarar Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Hitila, Bahar Rum ya zama wurin da jirgin ruwan Ingila ba ya ratsawa cikin aminci, alhali kuwa sojanta na Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama.

Dabarar da aka yi ita ce wadda mu ma muka riƙa yi a kan tebur, sai dai tasu da ƙarfe ce. Aka riƙa kwance jirage a Ingila, a zuba su cikin manyan akwatunan katako, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A can ake fasa akwatunan a haɗa jiragen, tare da ɗimbin ma'aikata 'yan Afirka, sa'an nan a tashe su ayari-ayari: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yanzu, El Geneina, El Fasher, Hartum, har Alƙahira. Tafiya ce ta kusan mil 4,000, ta wajen kwana 6. Jirgin Blenheim mai ɗauke da masanin hanya shi ke gaba, Hurricane suna biye da shi kamar 'yan tsaki, kuma akan shafa farin fenti a bayansu domin idan ɗaya ya faɗi a daji a hango shi daga sama. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Wanda ya shugabanci rundunar saman da ta karɓe su a hamadar Masar da Libiya daga 1941 kuwa shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka Kano shekara 16 kafin nan. Ashe Hurricane ɗin da muka yi wa fentin ruwan ƙasa, irinsa ya sha mai a Kano ya kwana.

Spitfire ma da kuɗinmu a jikinsa. A zamanin yaƙin, lokacin Sarkin Musulmi Abubakar na III bai daɗe da hawa gado ba, domin a 1938 aka naɗa shi, an buɗe asusun taimakon yaƙi a Nijeriya, talakawa da sarakuna da baitulmalin En'e suka zuba abin da suka zuba. Saboda wannan gudummawa aka laƙaba wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Nijeriya, kuma Spitfire take tuƙawa. An rubuta sunayen larduna a jikin waɗansu jiragenta, kamar wanda ya ɗauki sunan Lardin Oyo. Haka nan Dakota, jirgin nan mai inji biyu da muka haɗa, tsofaffin sojan Bama sun san shi fiye da mu. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta sama ake jefa mata abinci da harsashi domin babu hanyar mota. Mazan jiyan da muka riƙa gani suna gadi a ofisoshi da makarantu, da yawansu sun ci abincin da ya sauko da laima daga cikinsa.

Bayan mulkin kai, Nijeriya ta kafa rundunar sojan samanta a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma a shekarar ce aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyet. A Kano aka sauke jiragen MiG na farko a watan Agusta na shekarar, su ma a kwance, aka haɗa su a can. Aka kuma samu L-29 na Cekoslobakiya da Il-28 mai jefa bom. Ɓangaren Biyafara ya yi amfani da tsohon B-26, sa'an nan a 1969 wani Baturen Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo ƙananan jiragen MFI-9 da aka ɗaura wa rokoki. Mu da muka shiga makaranta yaƙin bai daɗe da ƙarewa ba, a Janairu 1970, ba mu rasa ɗan aji wanda ubansa ko yayansa ya tafi bai dawo ba. Shi ya sa idan muka samu Il-28 ko MiG-21 muka ajiye jan tauraron da ya zo a kwali muka zana kore da fari da kore da hannu, wani daga cikinmu yakan yi shiru. Ya kamata a faɗa, jiragen nan sun kashe mutane, har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, a kasuwanni da gidaje, kuma kyan da suke yi a kan tebur bai kankare wannan ba.

Wasan ya mutu ne saboda dalilai na can da na nan. Airfix ya karye a 1981, ya yi ta sauya hannu har kamfanin Hornby ya saye shi a 2006. A gida kuma matakan tsuke bakin aljihu na 1982 suka taƙaita shigo da kaya, sa'an nan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kwalin da ake saye da kuɗin kashewa ya fi ƙarfin albashin malami. Malaman waje suka koma ƙasashensu, manyan kantuna suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne manya suka ɗauki wasan da gaske. A Kaduna, kamfanin AIEP ya ɗauko ƙirar wani ƙaramin jirgin Amurka mai suna RV-6A, wanda dama a warwatse ake sayar da shi mutum ya haɗa a gida, ya yi masa gyare-gyare don koyar da matuƙan soja. Shi ne Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, kuma an haɗa guda 60 da hannun ma'aikatan Nijeriya. Shekaru da dama da shi ɗaliban sojan sama suka fara koyon tashi a Kaduna. Da ya tsufa ba a gina wani a kan abin da aka koya ba, sai aka sayo Super Mushshak daga Pakistan, waɗanda suka fara isowa a ƙarshen 2016.

Takoradi da Kano da Kaduna duk abu guda suka nuna: wanda ya iya karanta zane, ya auna, ya haɗa, ya kama hanyar ƙerawa, in dai an bar shi ya ci gaba. Mu an ba mu farkon wannan hanya a makaranta, kuma a cikinmu an samu injiniyoyi da likitocin tiyata da magina waɗanda za su shaida cewa reza da samfefa ne suka fara daidaita masu hannu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, yaron da bai riƙe abin awo ba yana ɗan shekara 13 da wuya ya so shi yana ɗan 30.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku, a tattauna su a babban taro mai zuwa. Na farko, kowane aji na tsofaffin ɗalibai ya ɗauki nauyin tebur ɗaya da kayan aikinsa a ɗakin koyon sana'a. Na biyu, a sa gasar ƙira kowace shekara bayan kaka, da kara da kwali da gwangwani, amma da sharaɗin a bi awon 1:72, yaro ya kawo lissafinsa tare da jirginsa, ya kuma faɗi tarihin jirgin a taƙaice. Wannan ba ya bukatar kuɗin waje, karan dawa bai ƙare a ƙasar Sakkwato ba. Na uku, a nemi izini a kai waɗanda suka yi nasara filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na III, su ga na gaske kusa da kusa, su yi magana da makanikai. Wanda kuma yake da tsohon jirgi ko kwali a ajiye cikin adaka, ya kawo wa sakataren ƙungiya a sa a kabad na gilashi a ɗakin karatu, da sunansa da shekarar da ya gama.