Maƙeran Ƙasar Gaya da Labarin Gyaran Bindiga

'Yan makaranta, in kun karanta labarin yaƙe-yaƙen dā, sunayen sarakuna da barade ku ke gani. Ba safai a kan ambaci mutumin da ya kwana bakin wuta yana gyara musu makamai ba. To, yau labarinsa za mu ba ku, don ku ga yadda ƙarfin mai bindiga ya ke rataye ga hannun mai gyaranta.

Mu fara da Gaya, da ya ke can ne tushen ƙira a ƙasar Kano. Tsofaffi sun ce waɗanda suka fara zama gindin Dutsen Dala maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, shi ya sa a ke kiran zuriyarsu Abagayawa. An ce ma sunan babbansu Kano, wai sunansa ne garin ya ci. Masu binciken abubuwan da ke binne cikin ƙasa kuwa sun tarar da alamun narka tama kusa da Dala tun wajen ƙarni na 7. Ashe ke nan lokacin da bindiga ta shigo, mutanen Gaya da Ajingi da sauran garuruwan gabas sun yi shekaru aru-aru suna sarrafa ƙarfe, suna ƙera fartanya da gatari da mashi da takobi.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, ya fara ambaton bindiga a zamanin Sarki Dauda (1421-1438), sa'ad da wani ɗan sarauta wai shi Dagaci ya zo daga Barno da dawaki da tambura da tutoci. Masana da yawa suna shakkar wannan, don lokacin ko a ƙasashen Turai bindiga ba ta kankama ba. Abin da ya fi ƙarfi shi ne na zamanin Kumbari (1731-1743), wanda aka ce a kwanakinsa aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe. Bayansa kuma Babba Zaki (1768-1776) shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron kansa.

Waɗannan bindigogi hanya biyu su ke biyowa. Waɗansu ayarin Larabawa ke kawo su daga Tarabulus ta hamada, waɗansu kuma daga bakin teku su ke hawowa ta Nufe da hanyar Gwanja. Yawancin na bakin teku a Birmingham ta Ingila da Liyej ta Beljiyam a ke ƙera su da araha, musamman don a sayar wa mutanen Afirka. Ta baki a ke ɗura su: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a sa harsashi, a daddanna da sanda. A gefen bututun akwai wani ɗan baki na ƙarfe da ke riƙe da ƙanƙara. In an ja kunama, sai ƙanƙarar ta sari wani faffaɗan ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke waje, wuta ta bi ta wata 'yar ƙofa ta iske na ciki. Duk wanda ya taɓa kunna wuta da ƙyastu ya san asirin abin, don ƙyastu ne aka ɗaura wa bututu.

Nan fa maƙerin Hausa ya sami abin yi, gama wannan bindiga ba ta rabo da ciwo. Wani lokaci a ja kunama ta yi shiru. Gwanin maƙeri ba ya gaggawar kwance ta, sai ya fara da abin da ya fi sauƙi. Ya duba ƙanƙara ko ta dakushe, ya duba 'yar ƙofar wuta ko toka ta toshe ta, ya murza albarushi da yatsa ko damina ta sa ya sha raɓa. In waɗannan duka lafiya, sa'an nan ya san ƙarfen da a ke sara ne ya yi laushi ba ya ba da tartsatsi, sai ya mai da shi wuta ya ƙara masa tauri. In lanƙwasasshen ƙarfen da ke cilla ƙanƙara ne ya karye, sai ya ƙera wani, ya yi ta goga shi da magagari yana gwadawa har ya zauna. In ƙota ta tsage, a naɗe ta da ɗanyar fata, in ta bushe sai ta matse kamar an ɗaure da ƙarfe.

Ciwo guda ne ya gagari kowa, watau fashewar bututu. Ƙarfen waɗannan bindigogi na araha ba shi da kauri ɗaya ko'ina, ga tsatsa tana cinsa daga ciki, ga masu harbi da son cika albarushi don ƙara ta yi yawa. Maharba da yawa sun rasa yatsu ko ido ta wannan hanya, har mutane suka riƙa harbi suna kau da kai, abin da ya sa saiti ya yi wuya.

Ban da gyara, akwai kuma ƙawa. Mai bindiga ya kan kai ta wajen maƙeran fari su yi mata zobba na tagulla ko na farin ƙarfe, dukawa su ɗinka mata kube, shi kuma ya rataya mata layu. Maharban giwa ma sauya mata aiki suka yi, su kan cusa mata wani gajeren mashi mai dafi a maimakon harsashi, wanda a ke kira sango. Daga nan ne Sarkin Kano Alu ya sami laƙabinsa na Maisango.

Duk da haka, har tsakiyar ƙarni na 19 doki da lifidi da baka su ne ƙashin bayan yaƙi, don kafin ɗan bindiga ya sake ɗuri, ɗan baka ya saki kibau da dama. A Damagaram ne abin ya fara sauyawa, inda Sarki Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, ya sa a ke yin albarushi a gida, maƙeransa kuma suka zuba masa igwa. A 1893 Rabe ya ci Barno da ƙarfin bindiga. Cikin wannan shekara kuma Basasa ta tashi a Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, waɗanda suka yi sansani a Takai, wutar yaƙin ta kai har Gaya. Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894, ya kuwa ba da ƙarfi ƙwarai ga 'yan bindiga daga cikin bayin sarki.

To, amma yayin da a ke wannan, bindiga ta riga ta sake kama a ƙasashen waje. Ku dubi libarba, 'yar ƙaramar nan ta hannu. Wani mutumin Amurka, Samuel Colt, shi ya sami takardar mallakar fasaharta a ƙasarsu a 1836, a 1873 kuma kamfaninsa ya fito da wadda ta fi suna, sojan Amurka suka ɗauke ta. Tana da tulu mai juyawa, mai ɗaki shida, kowane ɗaki da harsashinsa. A bayanta akwai 'yar guduma, wadda dole mai harbi ya ja ta baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Wannan ja ɗaya aiki uku ya ke yi: ya juya tulu, ya kulle shi daidai da bakin bututu, ya ɗana guduma. In ɗaya daga cikin ƙananan ƙarafan da ke ciki ya cinye ko da kaurin gashi ne, sai ɗaki ya saɓa da bututu, harsashi ya goge gefe, ɓarɓashin dalma ya fantsamo wa na kusa.

Su ma can masu libarba suna da son ƙawa irin namu. Su kan sa mata ƙota ta hauren giwa, su zana mata ado. Waɗansu kuma su kan sa a goge kunama don ta yi saurin tashi, in an zarce da guga sai ta tashi ba a shirya ba. Ko ba a taɓa ta ba ma, masu hankali harsashi biyar su ke sa mata, su bar guduma kan ɗakin da ba kome, don in ta faɗi ƙasa kada ta harbi mai ita.

Kun ga inda bambancin ya ke. Tsohuwar bindiga da ido da hannu a ke gyaranta, ko ƙarfe bai zauna sosai ba za ta tashi. Sabuwa kuwa, ko libarba ce ko doguwa mai ɗuri ta baya, injuna ne suka yanka ƙarafanta bisa awo guda, harsashinta kuma da kwanso ya ke zuwa daga masana'anta. Maƙerinmu yana da hannu, yana da basira, amma ba shi da ma'aunin da zai kama kaurin gashi. Sabo da haka duk sarkin da ya sayi irin wannan, ya zama sai abin da fatake suka kawo masa. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka taru a Burusal suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar da sababbin bindigogi a yawancin Afirka, suka bar masu ƙanƙara. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da soja ba su kai dubu ba, da igwa da bindiga mai ruwa, cikin yini ɗaya birni ya faɗi, Sarki Alu kuwa ba ya gari.

Bayan haka tsohuwar bindiga ta koma hannun maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar sarki, waɗanda ke buga albarushi ran hawan salla. Gwamnati ta yi doka a 1959 wadda ta tsare riƙon bindiga da ƙera ta da gyaranta sai da izini, a 1964 kuma aka kafa masana'antar makamai a Kaduna. Kada ɗayanku ya yi wasa da wannan doka, ko da abin da ta tsare.

Saura ku, 'yan makaranta, musamman 'ya'yan Gaya da Ajingi, jikokin masu zuga. Kada allo da alli su sa ku raina mai zugazugi, gama shi ya riƙe garma da fartanyar da kuka ci kuka girma. Ku je ku zauna wurinsa, ku koyi yadda ya ke bin ciwon ƙarfe daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sa'an nan ku kai masa abin da kakanninsa suka rasa, watau lissafi da awo da zane. Ran da injin ban ruwa ko na niƙa ya tsaya a ƙauyenku, ranar za a san ko karatunku ya yi rana. Allah ya sa mu dace, amin.