Sa wa Tsohuwar Mota Faffaɗan Rim da Taya: Lambobin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Duk mai bin titin Kubwa ko hanyar filin jirgi a nan Abuja ya san yayin da ake ciki. Tsohuwar Camry, ko Honda, ko Marsandi, an cire mata ƙafafun da ta zo da su daga kamfani, an ɗora mata manyan rim masu ƙyalli da faffaɗar taya. Yayin bai tsaya a Abuja ba. Abin da ake yi a Apo da Zuba shi ake yi a Ladipo ta Legas, da Agodi Gate ta Ibadan, da Nkpor kusa da Onica.

Bambancin kawai, motar ɗan Abuja tana yini a kan kwalta mai laushi. Taka kuwa, kai da ke zaune a Agege ko Sabo ko Fatakwal, ita ce za ta kwashi iyali da buhuna ta bi ta Jebba da Mokwa, ko ta Okene da Lokoja, idan Sallah ta zo. Mahaifina fataucin shanu yake yi a karar Dei-Dei, kuma ni ne mai tuƙa motar gidanmu, ni ne mai kai ta gareji. Abin da na tara daga littafin mota da zama wurin kanikawa shi na kawo a nan. Faɗaɗa ƙafar mota ba laifi ba ne, amma akwai lambobin da dole su yi daidai, kuma ido ba ya gane su.

Daga ina yayin ya fito?

A Amurka, cikin shekarun 1960, kamfanoni suka riƙa fitar da motoci masu ƙaton inji mai silinda takwas, irin su Pontiac GTO, Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Dodge Charger. Su ake kira motocin ƙwanji. Ƙafafun baya ne ke tura su, kuma ƙarfin injin ya fi ƙarfin siririyar tayar wancan zamani, sai ta yi ta sulɓi. Shi ya sa masu su suke sa taya mai faɗi a baya, don ta kama kwalta.

Mu a nan, idan aka ce Muscle, Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011 ake nufi. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Ita ƙafafun gaba ne ke jan ta, kuma mafi yawansu silinda huɗu ne. Saboda haka idan ka ga Muscle an sa mata faffaɗar taya a baya da ƙarama a gaba, ado ne zalla, ba ya ƙara mata komai a hanya. Ƙafafunta huɗu su zama iri ɗaya. Da ita zan yi misali, tunda ita ta fi yawa a hannun mutanenmu.

Na farko: ramukan noti

Kowane rim yana da lambar da ke nuna yawan ramukan noti da faɗin da'irar da suke kai. Ta Muscle ita ce 5x114.3, wato rami biyar a kan da'ira mai milimita 114.3. Ga na motocin da muka saba da su:

Camry Big Daddy da Muscle: 5x114.3
Honda Accord, EOD da Evil Spirit: 5x114.3
Corolla ta 2003 zuwa 2008: 5x100
Marsandi V-boot da C-Class: 5x112
Tsofaffin BMW masu rami biyar: 5x120
Fijo 406: 4x108
Fijo 504: 4x140

Haɗarin yana tsakanin 5x112 da 5x114.3. Milimita biyu da 'yan kai ne bambancinsu, don haka rim ɗin Marsandi yana iya shiga ƙafar Camry idan aka matsa masa. Mai sayarwa zai ce maka ai ga shi ya zauna. Bai zauna ba. Notunan sun ɗaure a karkace, suna lanƙwasa ƙarafunan da suke kai, kuma wata rana a cikin gudu ɗaya zai karye, sauran su bi shi. Ko masu tsofaffin motocin ƙwanji suna fama da irin wannan: tsohuwar Camaro 5x120.65 ce, ta yi kusa da ta BMW amma ba ɗaya ba ne.

Na biyu: ramin tsakiya da notin kansa

Babban ramin da ke tsakiyar rim shi ke saita ƙafa a kan cibiyarta. Na Camry milimita 60.1 ne, na Honda Accord 64.1, na Marsandi 66.6, na BMW 72.6. Ka ga rim ɗin Honda zai shiga Camry amma da sarari, na Camry kuwa ba zai shiga Honda ba sam. Rim ɗin kasuwa da ba na kamfanin mota ba yawanci ana yi musu babban rami don su shiga motoci da yawa. Maganin sararin wani ɗan zobe ne na roba ko na alminiyam da ake sakawa ya cike gurbin. Idan babu shi, sau da yawa sitiyari yana rawa da ka haura gudu tamanin, kuma ko sau nawa aka yi balansin ba zai daina ba.

Noti ma iri-iri ne. Rim ɗin aloy na Toyota yana amfani da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa. Na Honda gindinsa zagaye ne kamar ƙwallo. Na kasuwa galibi mai tsini ne kamar mazurari. Idan gindin noti bai dace da ramin rim ba, zai kwance a hanya. Ka ƙirga kuma: a kan Camry noti ya juya aƙalla sau takwas kafin ya ɗaure.

Na uku: faɗin rim da lambar ET

Juya rim ka duba bayansa. Za ka ga rubutu kamar 16x6.5J ET45, wanda shi ne na Muscle daga kamfani. Inci 16 girma, inci 6.5 faɗi. ET kuma tana nuna, a milimita, nisan da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke mannuwa da mota. Idan lambar ta ragu, ƙafa ta leƙo waje. Idan ta ƙaru, ƙafa ta shige ciki wajen shokazoba.

Misali, an nuna maka 18x8J ET35. Ya fi naka faɗi da inci ɗaya da rabi, wato milimita 38, kowane gefe ya samu 19. ET ta ragu da 10, ta tura shi waje da 10. Lissafi: waje ya ƙaru da milimita 29, ciki ya ƙaru da 9. Wannan 29 ɗin ita ce za ta sa taya ta riƙa goga bakin bodi duk sanda mota mai lodi ta faɗa rami. Bakin bodin nan ƙarfe ne mai kaifi, yana yanka gefen taya a hankali har ta fashe.

ƙafar da ta leƙo waje da yawa tana kuma gajiyar da boris, da boljoyin, da tayirod. A tsohuwar mota da ta shekara goma sha biyar tana aiki, waɗannan dama sun riga sun sha wuya. Akwai wani faifan ƙarfe da ake sakawa bayan rim don ya turo shi waje, kanikawa suna ce masa sifesa. Siririn da ake zurawa kawai a ɗaure da tsoffin notuna yana rage zaren da noti ke kamawa. Ni dai ba na yarda a sa wa motar da za ta yi doguwar tafiya irinsa.

Na huɗu: tsayin ƙafa gaba ɗaya

Tayar Muscle ita ce 215/60R16. Lambar farko faɗi ne a milimita. Ta biyu tana nufin tsayin gefen taya kashi 60 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 129. Ta uku girman rim a inci. Idan ka haɗa gefe biyu da rim, ƙafar gaba ɗaya milimita 664 ce.

Ƙa'idar da masu taya ke bi ita ce kada sabuwar ƙafa ta bambanta da ta asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. A Muscle, tsakanin 644 da 684 ke nan. Ga yadda suke faɗowa:

215/55R17: 668, gefe 118
225/50R17: 657, gefe 113
225/55R17: 679, gefe 124
225/45R18: 660, gefe 101
235/45R18: 669, gefe 106
245/35R20: 680, gefe 86

Dukkansu sun shiga ƙa'ida, amma dubi lambar gefe. Gefen taya shi ne matashin da ke tsakanin rim da rami. Daga 129 zuwa 86, ka zubar da kashi ɗaya cikin uku na matashin. Ramin da inci 16 zai haɗiye ya wuce, shi zai tsage inci 20, ko ya fito wa taya da ƙulu a gefe. Tayar da ta yi ƙulu ta gama aiki, ba a mata faci. Kuma idan inci 20 ta fashe maka tsakanin Jebba da Mokwa da dare, a wane shago za ka samu irinta? Ita 215/60R16 kusan kowane gari akwai ta.

Idan ƙafa ta fi ta asali tsayi, agogon gudu yana rage maka. Ƙarin kashi 3 yana nufin agogo na nuna 100 alhali kana 103. Faɗin taya kuma ya dace da faɗin rim: 215/60R16 tana son inci 6 zuwa 7.5, ita kuma 235/45R18 tana son 7.5 zuwa 9. Ja ƙaramar taya a kan faffaɗan rim don ta yi kyau a hoto, ganganci ne.

Na biyar: nauyin da taya ke ɗauka da shekarunta

Wannan ce lambar da ta fi shafar mu masu lodi. Bayan girman taya akwai wata kamar 94V. Lamba 94 tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 670. Lamba 95 kilo 690, lamba 91 kilo 615. Harafin kuma iyakar gudu ne: H kilomita 210, V 240. Tayoyi masu gajeren gefe da yawa 91 ne. Wato ka ƙara kuɗi ka sayi tayar da ta fi taka rauni da kilo 55 a kowace ƙafa, 220 a mota gaba ɗaya. Buhun shinkafa huɗu ke nan da ƙari. Kada ka sauka ƙasa da lambar da kamfani ya sa.

A kara ba a sayen sa sai an buɗe baki an duba haƙora. Haƙoran taya su ne lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. 'Yan Hukumar Kiyaye Haɗura suna duba wannan lamba, kuma shekara huɗu suke ƙirgawa. Abin lura, tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yin taya a Ikeja a 2008, kasuwarmu ta koma dogaro da na waje. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge ana ce musu Beljiyam. Manyan rim na hannu sau da yawa da irin waɗannan tayoyi suke zuwa. Zane na iya zama da saura, roba kuwa ta bushe ta tsattsage. Araha ba ta ado.

Abin da za ka samu da wanda za ka rasa

A busasshiyar kwalta, taya mai ɗan faɗi tana ƙara kamu a kwana da birki. Wannan gaskiya ne. Amma ku da ke kudu ruwa ne abokin zamanku. Faffaɗar taya tana da ruwa mai yawa da za ta ture daga gabanta, kuma idan zanenta ya cinye ta fi saurin hawa kan ruwa, sitiyari ya zama banza a hannunka. Babban rim ya fi nauyi, mota tana ƙara shan mai, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san zafin lita. Ga ƙara a cikin mota, ga jijjiga.

Gwaji kafin ka biya

Ba a cinikin biri a sama. Ka sa a ɗaura ƙafa ɗaya a gaba da ɗaya a baya tukuna. A juya ta da hannu a ga ko tana taɓa birki. A sauke jak, a murɗa sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu, ka zura hannu ka ji sararin da ke tsakanin taya da shokazoba da bodi. Sannan mutum huɗu su shiga, a sa kaya a but, ka hau tudun rage gudu a hankali kana saurare. Ka ji goga, a mayar masa da kayansa.

Idan ta wuce, a yi balansin da alaimen. A ɗaure noti da sifana mai awo, na Camry 103 Nm ne, ba wai yaro ya hau sifana da ƙafa ba. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake gwada su. Iska kuma ka bi takardar da ke manne jikin ƙofar direba, talatin da 'yan kai ne, ba hamsin ɗin da wasu masu faci suka saba durawa ba. Ka tabbatar safayarka tsayinta ɗaya da sababbin, kuma sifanarka tana shiga sababbin notuna. Tsofaffin rim ɗinka ka ajiye su, ranar sayar da mota za su yi maka rana.

Shawarata ga mai Muscle da ke zuwa gida sau ɗaya ko biyu a shekara: ka tsaya a inci 17, faɗi 7, ET kusa da 45, da 215/55R17 mai lamba 94. Wannan girman taya shi Toyota da kanta ta sa wa samfurin SE, saboda haka ba ka fita daga lissafin kamfani ba. Motar za ta yi kyau, kuma za ta kai iyali gida. Allah Ya tsare mana hanya.